Kafin Kamfanin Gini Ya Rungumi Ƙirƙirarriyar Basira

Ƙirƙirarriyar basira daga bayanan baya take koyo. Idan kamfanin gini yana son manhaja ta hango masa jinkirin aiki ko yawan siminti da rodin da zai ci, sai ta sami sahihin tarihin ayyukansa, ba wanda ya warwatse tsakanin takardu, wayoyin injiniyoyi da kan shugaban leburori ba. Birtaniya ta share fage tun 2016, da ta wajabta wa ’yan kwangilar gwamnatin tsakiya tsarin BIM, wato tattara zane da bayanan gini a kwamfuta bisa ƙa’ida guda.

Wasu za su ce sayen manhaja ya wadatar. Ina! Inda magini ke tsoron kora in ya faɗi kuskure, rahoton ƙarya zai bayar, na’urar kuma ta ɗora hasashenta a kansa. Dole shugabannin kamfani su fara kawar da wannan tsoron.