Ɗaliban da ke share ajinsu da kansu: rayuwa da cin zali a ƙaramar sakandaren Japan

 Waɗanda data ba ta bari sun saurara ba, ga shirin nan a rubuce kamar yadda muka saba.

Yau Japan za mu leƙa. Na san da yawanku kun taɓa cin karo da bidiyon yaran Japan suna goge daɓen aji da tsumma, ko suna zuba wa juna abinci sanye da farar riga da hula, a ƙasa kuma mutane na ta rubuta "kai, waɗannan sun yi nisa". Bidiyon gaskiya ne, ba shiri aka yi ba. Sai dai akwai wata kalma da ba ta fitowa a bidiyon, wadda iyaye a ƙasar ke jin tsoronta ƙwarai. Kalmar ita ce ijime, wato cin zali tsakanin ɗalibai. Ba kuma za ka gane ijime ba sai ka fara gane yadda yaro ke yini a makarantar.

Tsarin karatunsu 6-3-3-4 ne, irin wanda muka sani. Ƙaramar sakandare shekara 3 ce, yaro na shiga yana ɗan shekara 12 ya fita yana 15, kuma dole ce a kan kowa. Shekarar karatu tana farawa a watan Afrilu ta ƙare a Maris.

Da safe, wajen ƙarfe takwas da rabi, kowa ya iso. Abu na farko a bakin ƙofa shi ne cire takalmi. Kowane ɗalibi yana da ɗan gurbinsa a kanta, ya ajiye takalmin waje ya sa na cikin gida. Ku riƙe maganar kantar nan, za mu dawo kanta. Darasi minti 50 ne, yawanci shida a rana. Ɗalibai suna zaune a ajinsu, malamai ne ke zagayawa. Ma'ana yara talatin da wani abu, wani lokaci har kusan 40, su ne tare daga safe zuwa yamma, shekara guda cur, ƙarƙashin malamin aji guda wanda shi ne kamar ubansu a makaranta.

In lokacin abincin rana ya yi, a mafi yawan makarantun gwamnati ba mai fita sayen komai. Waɗanda aiki ya zagayo kansu a makon su ɗauko tukwane, su zuba wa 'yan ajin, kowa ya ci abu iri ɗaya tare da madara, malamin ma a nan yake ci. Bayan nan sai shara ta kamar minti 15. Aji, baranda, matakala, har banɗaki, duk ɗalibai ne, an raba su rukuni-rukuni.

Da an tashi, sai kulob, wanda suke kira bukatsu. Akwai ƙwallon ƙafa, ƙwallon kwando, besbol, judo, kendo wato wasan takobin gora, akwai 'yan badujala, akwai masu zane. Yaro kan zaɓi guda tun shekarar farko ya zauna a ciki har ya gama. Atisayen ya taɓa yin yawa har hukumar wasanni ta ƙasar ta fitar da ƙa'ida a 2018 cewa a riƙa hutawa aƙalla kwana biyu a mako, kada kuma atisaye ya wuce kamar awa biyu a ranar makaranta. A kulob ɗin nan ne yaro ke koyon zama da senpai, wato siniya. Junior shi ke gaisuwa, shi ke kwashe ƙwallaye, shi ke share fili. Wanda ya yi makarantar kwana ya san zancen.

Ga kuma bukukuwan shekara: ranar wasanni, bikin al'adu, gasar waƙa ta haɗin baki inda aji ke karawa da aji, da tafiyar 'yan ajin ƙarshe, wadda makarantu da yawa ke yi zuwa tsofaffin biranen Kyoto da Nara. A saman duk wannan akwai jarrabawar shiga babbar sakandare, shi ya sa da yawa ke wucewa lesin da dare.

To, kun lura da wani abu? Komai a rukuni ake yi. A ci tare, a yi shara tare, a yi gasa da sunan aji. Wannan shi ne ƙarfin makarantar, domin yaro na tashi ya san hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Amma ku tambayi kanku: in rukunin ya juya wa yaro ɗaya baya fa, ina zai sa kansa? Ba shi da wani aji da zai koma, ba shi da wani teburin da zai ci abinci. Mutanen Japan da kansu suna da karin maganar da ke cewa ƙusar da ta ɗago kai ita ke shan guduma.

Shi ya sa ijime ba kasafai yake zuwa da duka ba. Abin da aka fi kai rahotonsa shi ne zolaya, zagi da baƙar magana. Sai wariya: aji guda ya haɗa baki ba mai yi maka magana, ka yi gaisuwa a yi kamar iska ce ta wuce. Sai ɓoye kaya, kuma a nan kantar takalmi ke shigowa. Yaro ya zo da safe ya tarar takalminsa na ciki ya ɓace ko an jefa shi a shara, ya yini kowa na ganin ƙafarsa, kowa ya san abin da ya faru, ba wanda ya ga komai. Yanzu kuma waya ta shigo. Manhajar hirar da suka fi amfani da ita LINE ce, sai a buɗe sabon guruf a bar mutum ɗaya a waje, ko a riƙa yawo da hotonsa. Da can yaro na samun sauƙi in ya koma gida, yanzu abin na bin shi har kan katifarsa.

Wani masanin zamantakewa mai suna Yoji Morita ya yi bayanin abin tun shekarun 1980 ta hanyar da har gobe ake koyar da malamai. Ya ce cin zali a aji hawa huɗu ne. Akwai wanda ake zalunta. Akwai masu zaluncin. Akwai 'yan kallo masu dariya da zuga. Sai na huɗu, waɗanda suka fi kowa yawa, masu kau da kai su ce ba ruwansu. A fahimtarsa, hawa na uku da na huɗu su ke yanke ko abin zai tsaya ko zai ci gaba, domin mai cin zali da fuskokin 'yan aji yake auna ko an ba shi izini. Shiru ma magana ce, in ji Bahaushe.

Japan ba ta zo ga wannan fahimta da arha ba. A 1986, wani yaro ɗan shekara 13, ɗalibin wata makaranta da ke unguwar Nakano a Tokyo, ya kashe kansa. Daga baya aka gano 'yan ajinsa sun taɓa shirya masa "wasan jana'iza" yana raye: suka ɗora furanni a teburinsa da katin ban kwana, kuma malamai huɗu na cikin waɗanda suka sa hannu a katin. Su a ganinsu wasa ne.

Abin da ya girgiza ƙasar har ya kai ga doka ya faru ne a birnin Otsu a watan Oktoban 2011, inda wani ɗan aji biyu, shi ma ɗan shekara 13, ya kashe kansa. Makarantar ta raba wa ɗalibai takardar tambayoyi, yara suka rubuta irin duka da wulaƙancin da suka gani, amma hukumar ilimi ta birnin ta ce ba za a iya tabbatar da alaƙa tsakanin cin zalin da mutuwar ba. Mahaifin yaron ya je wurin 'yan sanda har sau uku ba a karɓi ƙorafinsa ba. Sai a Yulin 2012 abin da yaran suka rubuta ya fito fili, ƙasa ta ɗauka, 'yan sanda suka shiga bincike a makarantar da ofishin hukumar. Magajiyar garin ta lokacin, Naomi Koshi, ta kafa kwamiti mai zaman kansa, wanda a farkon 2013 ya ce cin zalin ne sanadin mutuwar kai tsaye. A watan Yunin shekarar majalisa ta zartar da dokar hana cin zali a makarantu, ta fara aiki a Satumba.

Me dokar ta canza? Babban abin shi ne ma'anar kalmar. A dokar, in wani ɗalibi ya yi wa wani abu, da hannu ko da baki ko ta intanet, wanda aka yi wa kuma ya ji zafi a jikinsa ko a ransa, to ijime ne. Ba a tambayar mai yin ko da wasa yake. Ka ga an toshe ƙofar "ai wasa muke".

Sannan kowace makaranta dole ta rubuta tsarinta na hana cin zali, ta kafa kwamiti na dindindin mai malamai da yawa da masana halayyar ɗan Adam ko jin daɗin yara. Hikimar ita ce kada malami ɗaya ya riƙe magana a cikinsa, ko don tsoron a ce ya kasa riƙe ajinsa. Dole a riƙa raba takardun tambayoyi lokaci-lokaci domin yaron da ba zai iya buɗe baki ba ya rubuta. In abin ya kai laifi, kamar ƙwacen kuɗi ko jin rauni, a haɗa da 'yan sanda. In kuma ya taɓa rai, lafiya ko dukiya sosai, ko ya hana yaro zuwa makaranta na tsawon lokaci, ana auna shi da kamar kwana 30, to ya zama babban lamari, bincike na musamman ya wajaba, a kuma sanar da iyaye abin da aka gano.

Akwai wata ƙa'ida da aka ƙara a 2017 wadda ta fi burge ni. Ba a cewa magana ta mutu don an sa yara sun gaisa sun ba juna haƙuri. Sai an ga abin ya tsaya na aƙalla wata uku, an kuma zauna da yaron da iyayensa an tabbatar ba ya cikin ƙunci. Duk wanda ya taɓa zama ɗalibi ya san me ke faruwa bayan "ku shirya" in malami ya juya baya.

Bayan doka akwai wuraren fakewa. Tun 1995 aka fara tura masu ba da shawara makarantu. Akwai ɗakin jinya, inda yaron da ya kasa shiga aji kan zauna ya yi karatunsa. Akwai layin waya na yara da ke aiki dare da rana. A 2015 wani rahoton gwamnati ya nuna cewa cikin shekaru kusan 40, ranar 1 ga Satumba, lokacin komawa makaranta bayan dogon hutu, ita ce ranar da yara suka fi kashe kansu. A watan Agustan shekarar, ɗakin karatu na birnin Kamakura ya wallafa a Twitter cewa yaron da makaranta ta yi wa ɗaci ya zo can ya zauna, ba mai ce masa komai. Saƙon ya zagaye ƙasar.

Yanzu ga alƙaluman da za su ba ku mamaki. A shekarar karatu ta 2023, makarantun Japan, daga firamare zuwa babbar sakandare, sun kai rahoton cin zali sama da 730,000, manyan lamura kuma sama da 1,300. Wani zai ce ashe dokar ba ta yi aiki ba. Ma'aikatar ilimin ƙasar tana kallon yawan rahoton a matsayin alamar cewa malamai sun fara gani da wuri, har ma makarantar da ta ce ba ta da ko guda ita ake cewa ta sake dubawa. Amma manyan lamuran nan 1,300 ba su da wata fassara mai daɗi. Kuma ɓoye-ɓoye bai ƙare ba. A 2021 an tsinci gawar wata yarinya 'yar shekara 14 cikin dusar ƙanƙara a birnin Asahikawa, bayan an daɗe ana kai kukan abin da ake yi mata, makaranta ba ta ɗauke shi a matsayin cin zali ba. Sai a binciken da aka sake, wanda ya fito a 2024, aka amince cewa cin zalin ne babban sanadi.

Don haka in kana da ƙane ko ƙanwa a ƙaramar sakandare, ko a ina kake, alamomin da malaman Japan ke dubawa za su yi maka amfani: ciwon ciki ko ciwon kai da ke zuwa da safen ranar makaranta kawai, kaya na yawan ɓata, neman kuɗi ba dalili, firgita in waya ta yi ƙara. In ya buɗe baki ya faɗa maka, kar amsarka ta farko ta zama "kai ma ka rama" ko "me ka yi musu?". Ka saurara, ka rubuta rana da abin da ya faru, ka ajiye hoton saƙonnin, ka je makarantar, kuma ka koma bayan sati biyu, ka sake komawa bayan wata guda.

In kuma kai ne ɗalibin, kana cikin masu yawan nan da ke kau da kai, ba sai ka yi dambe da kowa ba. Ƙin yin dariyar ma wani abu ne. Amsa gaisuwar wanda aka ware, ko zama kusa da shi lokacin cin abinci, ko gaya wa malamin da ka yarda da shi a keɓe, duk suna rage wa mai zalunci ƙarfi, tunda da yawanku yake taƙama.

A nan za mu dakata. Ku faɗa mana, a makarantar da kuka yi, wa yaro ke kai wa kuka in an matsa masa, kuma ana jin sa?