Na'ura ta iso, ina mai karanta sakamakonta?

A watan Maris na 2020, kwanaki kaɗan bayan an tabbatar da ɓullar korona a Legas, masana a cibiyar ACEGID ta Jami'ar Redeemer da ke Ede, ƙarƙashin Farfesa Christian Happi, suka warware tsarin ƙwayar cutar. Shi ne karo na farko da aka yi haka a Afirka. Na'ura ce ta fitar da bayanan, amma mutane ne suka zauna gaban kwamfuta suka gane abin da suke nufi.

Waɗannan mutane su ne masana nazarin ƙwayoyin halitta da kwamfuta, fannin da ya haɗa ilimin halittu da lissafi da rubuta manhaja. Kundin gadon halittar mutum guda yana ɗauke da haruffa kusan biliyan 3. Ba idon da zai tantance su shi kaɗai.

Abuja na da buƙatarsu. A Gaduwa akwai babban ɗakin gwaji na hukumar NCDC. A Lugbe, kan hanyar filin jirgin sama, akwai hukumar bunƙasa fasahar halittu da aka kafa a 2001, wadda ta shiga shirin H3ABioNet na horar da masanan Afirka. A jami'ar tarayya ta Abuja kuma akwai cibiyar binciken ciwon sikila, cutar da Najeriya ta fi kowace ƙasa yawan masu fama da ita. Duk waɗannan suna jiran ɗaliban da sai malamin jami'a ne zai yaye su.

A nan gizo ke saƙa. Malamin da ya yi digiri na uku a wannan fanni, kamfanonin magunguna da jami'o'in Ingila da Amurka na zawarcinsa, har yana iya yi musu aiki daga ɗakinsa. Jami'ar gwamnati kuwa ta daɗe tana jiran izini kafin ta cike gurbi guda. A Disamba 2023 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince a cire manyan makarantu daga tsarin biyan albashi na IPPIS, tare da sauƙaƙa musu ɗaukar ma'aikata. Duk da haka, gurbi ba ya tabbata sai da kuɗinsa a kasafi, da kiyaye ƙa'idar Hukumar Raba Daidai.

Saboda haka makomar irin wannan gurbi tana ratsa teburan ma'aikatan tarayya ne. Fayil ɗin da ya yi wata shida a ofis na iya zama dalilin da masani ya karɓi tayin waje. Idan ya tafi, na'urar da aka saya da kuɗin TETFund za ta zauna a lulluɓe, a koma aika samfurin jini ƙetare ana jiran amsa.