Digirin Digirgir Ba Mafakar Marar Aiki Ba Ne

Akwai wata shawara da ta zama ruwan dare a gidajenmu da majalisun hira, kuma ɓarnarta ta isa a yi magana. Yaro ya gama jami'a, ya yi bautar ƙasa, aiki bai samu ba, sai a ce ya koma ya yi mastas kafin Allah Ya kawo. Ya gama, shiru, sai a ce ai gara ya zarce digirin digirgir, in ya zama Dakta aiki ne zai zo nemansa har gida. Masu faɗin haka da zuciya ɗaya suke faɗa, sai dai yawancinsu ba su san abin da suke tura ɗan mutane ciki ba. Digiri na uku horo ne a kan sana'a guda, wato bincike. Mutum zai ɗauki wata 'yar tambaya da ba a amsa ba, ya bi ta shekara uku ko fiye, ya rubuta kundi, ya kare shi a gaban masana. Iyakarsa ke nan, babu alkawarin aiki a ciki.

Wanda ke shakka ya tuna abin da ya faru a 2012, lokacin da kamfanin Ɗangote ya nemi direbobin manyan motoci. Cikin mutum wajen 13,000 da suka nema, an samu 704 masu mastas da shida masu digirin digirgir. Tuƙi sana'a ce mai daraja, amma ba don ita suka ƙona shekarunsu ba. Bankuna da kamfanoni abin da suke tambaya shi ne me ka iya, a ina ka taɓa yi, kuma da yawa sukan gindaya iyakar shekaru ga sababbin ma'aikata, wadda mai digirgir ya riga ya haura. A aikin gwamnati mai digiri na farko kan fara daga mataki na 8, mai digirgir kuwa bai ɗara shi da fiye da mataki biyu ba, ratar da sa'ansa da ya kama aiki da wuri zai cike ta hanyar ƙarin girma, ga albashin shekarun a aljihunsa, ga gogewa.

To ai jami'a za ta ɗauke shi, in ji su. Wataƙila, in akwai gurbi, in kuma an ba da izinin ɗauka. Ko ya shiga ɗin, daga ƙasa-ƙasa zai fara, tsakaninsa da kujerar farfesa akwai matakai da yawa, kowanne sai ya shekara aƙalla uku a kai, kuma sai ya nuna maƙalun da ya wallafa, waɗanda sau tari daga albashinsa zai biya kuɗin buga su. Albashin kansa an shafe fiye da shekara goma ana ja-in-ja da gwamnati a kan sake duba yarjejeniyar da ta ƙulla da ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU a 2009. A 2020 ƙungiyar ASUU ta yi wata tara tana yajin aiki, a 2022 ta yi wata takwas, aka riƙe wa malamai albashi. Duk ranar da aka rufe makaranta, kundin ɗalibi ma ya tsaya, amma kuɗin haya da na cefane ba sa jira. Tallafin karatu na hukumar TETFund da ake ta ambato kuwa na waɗanda suka riga suka zama malamai ne a manyan makarantun gwamnati, marar aiki ba ya ciki, kuma daga farkon 2025 hukumar ta dakatar da tura sababbi ƙasashen waje saboda tsadar canji da yawan waɗanda ke tafiya su ƙi dawowa. 

Za a ce ilimi ba ya ɓaci, kuma Arewa na ƙarancin masana. Gaskiya ne, kuma wannan ne ma ya sa abin ke da ciwo. A 2019 Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya ta fitar da irin waken SAMPEA 20-T mai jure wa tsutsar da ke cinye fure da kwanson wake, bayan shekaru ana gwaji a ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mohammad Ishiyaku. Irin wannan aiki dominsa aka ƙirƙiro digirin, kuma muna buƙatar masu yinsa a kan ciwon ƙoda, da hamada, da harshenmu. Amma mai fakewa ba ya ƙara yawan masana. Cunkoso yake ƙarawa a ƙofar malami ɗaya da ke duba ɗalibai fiye da ƙarfinsa. Irin wannan ɗalibi ne za ka gani rungume da fayil a baranda tun hantsi, babi na biyu ya wata huɗu a teburin malam, in ya dawo ja-jawur da biro ya rasa ta inda zai fara, don tun asali ba shi da tambayar da ke damunsa. Daga nan sai shagon kwamfuta, a biya wani ya harhaɗa kundi. Wannan ha'inci ne, kuma mai yinsa gobe shi zai duba 'ya'yan wasu.

Saboda haka kafin a sayi fom, mutum ya fara gwada kansa. Ya nemo maƙaloli goma na fanninsa da aka buga kwanan nan, ya karance su, ya rubuta shafi uku a kan abin da suka bari ba su amsa ba. In ya ji daɗin aikin nan, alama ce mai kyau. In kuwa ya ji kamar ana yi masa horo, to haka shekarun za su kasance gaba ɗaya. Sannan ya binciki malamin da zai duba shi fiye da yadda zai binciki sunan jami'ar, domin rayuwarsa a hannun mutum ɗaya za ta rataya. Kada ya tambayi malamin, ya tambayi tsofaffin ɗalibansa a gefe: mutum nawa ya yaye, cikin shekara nawa, babi kan kwana nawa a hannunsa, yana sa sunansa a aikin da bai taɓa ba? Ya zauna da biro ya yi lissafin kuɗin makaranta na shekara biyar, kada ya tsaya a uku, da na zirga-zirga, da na sinadarai da gwaji in ɗan kimiyya ne, ya faɗi takamaimai daga ina za su fito. “Allah zai kawo” addu'a ce, ana yin ta bayan an ɗaure raƙumi.

Mai iyali ya zauna da matarsa, matar aure ta zauna da mijinta, a yi maganar dare da asuba da karatun zai cinye, da wanda zai riƙe yara ranar da za a kwana a hanyar Zariya ko Kano. Kada a raina nauyin da abin ke ɗora wa ƙwaƙwalwa. Wani bincike da aka wallafa a 2017 a kan ɗaliban digirin digirgir fiye da 3,600 a ƙasar Beljiyam ya gano kusan ɗaya cikin uku na cikin haɗarin ciwon damuwa da makamantansa, alhali a can yawancinsu ana biyansu kuɗi duk wata. Wanda kuma ke da aiki a hannu, komai ƙanƙantarsa, kada ya ajiye shi don karatu. Ya nemi hutun ƙaro ilimi ko ya yi rajistar wucin gadi, kuma ya tabbata izinin a rubuce yake da sa hannun shugabansa kafin ya biya ko sisi.