Barci Ma Horo Ne a Sansanin Kaptagat

Duniya ta san Eliud Kipchoge da abin da ya yi a birnin Viyana ranar 12 ga Oktoba, 2019, inda ya cinye tazarar gudun famfalaki, kilomita 42 da ɗoriya, cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40. Abin da ba a cika magana a kai ba shi ne yawan kwanciyar da mutumin nan ke yi.

Sansanin da yake horo yana Kaptagat, kusa da Eldoret a ƙasar Kenya, kan tudu mai tsayin kusan mita 2,400. A can, ƙarƙashin kocinsa Patrick Sang, yakan yi gudun kimanin kilomita 200 a mako idan gasa ta ƙarato. Amma kaso mafi tsoka na wannan tazarar sassarfa ce, wadda mutum zai iya hira yana yinta. Gudun fitar rai kwana biyu ko uku ne kawai a mako. Bayan gudun asuba sai karin kumallo, sai tausa, sai barcin rana, kuma dare na yi ya nemi shimfiɗa. Idan ya kammala babbar gasa, yakan ajiye takalman gudu na makonni.

Dalilin yana cikin jiki. Gudu mai tsanani yana yi wa zaren tsoka ƙananan yage-yage, ya kuma ƙarar da sukarin da tsoka ta adana, wanda mayar da shi kan ɗauki kusan kwana guda. Gyaran kuwa sai an huta yake yiwuwa, musamman cikin barci mai nauyi, lokacin da jiki ya fi sakin sinadarin da ke gina tsoka. Wanda ya koma fili kafin gyara ya kammala, rauni yake ɗorawa a kan rauni.

Nan ne sababbin shiga suke cutar kansu, kuma abin akwai takaici, domin himma ce ke kai su. Huhu da zuciya suna saba wa gudu cikin makonni, sai mutum ya ji ƙarfi ya ƙara tazara. Ƙashi da jijiya kuwa watanni suke buƙata. Shi ya sa ciwon ƙwauri da tsagewar ƙashi suka fi kama wanda ya ƙara nisan gudunsa farat ɗaya. Gogaggun masu horarwa kan sa ɗan gudu ya auna bugun zuciyarsa da farkawa. Idan bugun ya haura yadda aka saba kwana biyu a jere, sai a soke gudun wahala na ranar a koma sassarfa.