Rijiyar da Ba Ruwa: Injin Igiya da Ƙarfin Ƙirji

Ɗaga ƙarfe ba baƙon abu ba ne a unguwannin cikin birnin Katsina. Wanda ya saba bin lungunan Ƙofar 'Yandaka bayan la'asar ya sha ganin samari a kango ko a ƙofar gida, sun cika gwangwanayen fenti biyu da siminti, sun soka bututun ƙarfe a tsakani, suna ɗagawa bi da bi. Abin da ya zo daga baya shi ne injin motsa jiki mai igiya, wanda masu ɗan hali ke saya, sabo ko na gwanjo, su kafa a zaure ko a shagon samari. Wasu ma hoto suke kai wa mai walda ya ƙera musu irinsa. Ba ya shan wuta, ba ya shan mai, saboda haka ɗauke wuta bai dame shi ba. Ƙirarsa kuwa ba wuya: fale-falen ƙarfe ne jere a kan juna, da ƙusa da ake sokawa don zaɓen nauyi, da igiyar waya da ta bi ta kan fuli, wato ɗan gargaren da ke juyawa, ta ƙare a mariƙi.

A ganina wannan inji rijiya ce aka shigo da ita ɗaki, ruwa ne kawai babu. Fale-falen su ne guga cike, wayar ita ce igiya, kai ne mai ja. Kuma duk ladabin da ke bakin rijiya yana bakin wannan inji. Damuwata ita ce yawancin yaran da ke sayensa sun tashi ne a zamanin burtsatse da 'yan garuwa da ruwan famfon da ake turowa daga madatsar Ajiwa. Hannunsu bai taɓa sanin zafin igiya ba, don haka suke zuwa wa injin da ƙarfi tsagwaronsa, babu dabara.

Turawa ne suka ƙera shi, kuma ya daɗe. Wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Gustav Zander, ya buɗe cibiyar motsa jiki da injuna a birnin Stockholm a 1865. A Amurka kuma Jack LaLanne ya buɗe gidan motsa jikinsa a Oakland a 1936, kuma ana danganta masa yaɗuwar injunan fuli da waya. Amma hikimar da ke ciki makiyayanmu sun riga su saninta. Ka nausa arewa, ka wuce Maraɗi zuwa wajejen Dakoro, za ka tarar da rijiyoyi masu zurfin gaske. An kafa gwafa a baki, an ɗora fulin itace, an ɗaura igiyar wasaki a jikin sa ko jaki ko raƙumi. Dabbar ta juya wa rijiya baya tana tafiya gaba, wasaki yana hawowa sama. Aikin fuli ke nan: nauyi yana nan yadda yake, hanyar jansa ce take sauyawa. Da wannan ne injin ke iya gina ƙirji. Mai jan ruwa da hannu bayansa da damatsansa ne ke aiki, domin jawowa yake yi. Kai kuwa in ka juya wa injin baya, ka kama mariƙai biyu, abin da shi yake jawowa kai turawa za ka yi, turawa kuwa aikin ƙirji ne.

Yana da kyau mutum ya san naman da yake wa aiki. Babbar tsokar ƙirji shimfiɗe take kamar mafici. Sashenta na sama ya kama ƙashin nan da ya gitta a ƙasan wuya, sashe mafi girma ya kama ƙashin tsakiyar ƙirji da guringuntsin haƙarƙari, sannan duka suka tattaru suka ɗaure a saman ƙashin damtse, kusa da hammata. Aikinta shi ne kawo hannu gaba da kuma jawo shi zuwa tsakiyar jiki. Gaban kafaɗa da tsokar bayan damtse suna taya ta. Ɗora hannun dama a ƙirjinka na hagu, ka tura bango da hannun hagu, za ka ji ta ta miƙe tsaye a ƙarƙashin tafinka.

Fifikon igiya a kan ƙarfen hannu yana nan wurin da duk mai jan ruwa ya sani. Guga cike ba ya ba ka hutu. Tun daga lokacin da ya rabu da ruwa har ya iso baki nauyinsa ɗaya ne, ba wata gaɓa da za ka ce bari in saki in numfasa. Wanda ya kwanta a benci yana buɗe hannuwa da ƙarafa biyu, in ya kawo su sama daidai kan kafaɗa, ƙasusuwan hannu ne ke tallafe nauyin, ƙirji ya samu sarari. Da waya ba haka ba ne. Tana jan ka baya tun daga farkon motsi har inda hannuwa suka haɗu, tsokar ba ta samun kafar zillewa.

Motsi na farko shi ne turawa a tsaye. Ka daidaita fuli a tsayin ƙirji, ka ba injin baya, ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, ka ɗan karkata gaba kaɗan, ciki a ɗaure. Ka matse allunan kafaɗa baya, ka sauke su ƙasa, kada su hau wajen kunne. Gwiwar hannu ta ɗan sauka ƙasa da kafaɗa, kada ta buɗe ta yi layi ɗaya da ita. Sai ka tura gaba har hannu ya kusa miƙewa sarai, ka dawo. In injinka mai fuli ɗaya ne, yi da hannu ɗaya, ka gama ka sauya. Za ka ji ciki da kwiɓi ma suna aiki don hana jiki murɗewa.

Na biyu shi ne buɗewa da rufewa. Hannuwa a buɗe, gwiwar hannu a ɗan lanƙwashe, kuma lanƙwasar nan ba ta ƙaruwa ba ta raguwa har ka gama. Ka kawo hannuwan gaba a zagaye kamar za ka rungumi randa, su haɗu a gaban ƙirji, ka tsaya ɗan lokaci ka matse. In ka ɗaga fuli sama kana saukowa da hannu wajen cibiya, ƙasan ƙirji ne ya fi jin aikin. In ka saukar da fuli ƙasa kana hawowa zuwa daidai haɓa, sashen sama ne. Nauyin da ake sa wa wannan bai kai na turawa ba, kuma wanda ya ƙi yarda da haka kafaɗarsa ce za ta biya.

Yanzu ga inda na fi so a tsaya. Ku lura da dattijuwar da ta shekara arba'in tana jan ruwa a tsakar gidanta. Ba ta jefa guga. Zura shi take yi, igiya tana bin tafin hannunta kamu bayan kamu, har ta ji ya taɓa ruwa. Ta ɗan girgiza ya kife ya cika, sannan ta tattaro shi, ƙafafunta a kafe, bayanta bai gantsare ba, numfashinta bai sarƙe ba. In ta ga jikanta ya saki igiya guga ya faɗa da ƙara, abin da take cewa sananne ne: "Kai, ɗan nan, a hankali! So kake ka tsinka mini igiya, mu kwana neman ƙugiya?" Ta san sakin nan yana cinye igiya, yana yaga guga, yana gurɓata ruwa, yana kuma saɓule fatar hannu.

To ku je ku saurari shagon da aka kafa injin nan. Daga waje za ka ji ƙarar ƙarfe yana faɗa wa ƙarfe, gwaram, gwaram. Saurayi ya tura da iyakar ƙarfinsa, sannan ya saki, fale-falen suka rikito, waya ta fizge hannuwansa baya. Shi a ransa aiki yake yi. Gaskiyar magana rabin aikin ya zubar, kuma rabin nan mai albarka ne. Tsoka tana samun ƙarfi wajen turawa, tana kuma samu wajen riƙe nauyi yayin da take miƙewa a hankali. Wanda ya tura cikin daƙiƙa ɗaya ya mayar cikin biyu ko uku, bai bar fale-falen sun taɓa juna ba sai a ƙarshe, ya ci riba biyu a tafiya ɗaya. Wanda ya saki kuwa, ban da asarar, yana sa gaɓar kafaɗarsa cikin haɗari, domin fizgar tana zuwa ne daidai lokacin da hannu yake a buɗe, inda gaɓar ta fi rauni. Kada hannu ya wuce layin jiki can baya da sunan neman miƙewa. Da ka ji ƙirji ya ɗame, ya isa.

Akwai kuma gasar lamba. Yaro zai ce shi yana tura hamsin, abokinsa ya ce shi sittin. Lambar da ke jikin fale ba kullum take faɗin abin da ke hannunka ba. A injuna da yawa, saboda yadda aka zagaya waya a kan fuli mai motsi, rabin nauyin ne ke isowa mariƙi: ka soka ƙusa a kilo 40, kana tura kilo 20. Wasu kuma da fam aka rubuta su, fam ɗaya kuwa bai kai rabin kilo ba. Jarkar ɗan garuwa mai lita 25 kilo 25 ce ta ruwa, ba ragi. Ma'aunin da ya dace shi ne nauyin da za ka iya turawa sau 8 zuwa 12 cikin tsari, biyun ƙarshe su yi maka wuya amma jiki bai karkace ba. Ka yi haka zagaye biyu ko uku, da hutun minti ɗaya zuwa biyu a tsakani. Ran da 12 ta zama wasa, ka ƙara fale ɗaya. Ɗaya tak.

Rijiya ma in an yashe ta da safe sai an ba ta lokaci ta tara. Tsoka ba a bakin inji take girma ba, sai a lokacin barci da hutu, don haka a bar kamar awa 48 kafin a sake komawa kan ƙirji. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na 2020, ta ce baligi ya yi aikin ƙarfafa manyan tsokokin jiki aƙalla kwana biyu a mako, tare da minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici, irin tafiya da sauri. A lura, manyan tsokoki duka aka ce. Mai yin ƙirji kullum ya bar baya, kafaɗunsa kan zubo gaba. Maganin yana jikin injin: ka juyo ka fuskance shi, ka jawo mariƙi zuwa ciki kamar yadda ake jan ruwa na ainihi, yawan jawowa ya yi daidai da yawan turawa. Ƙafafu kuma kada a manta da su.

Abinci ba sai an je nesa ba. Wake, awara, ƙuli-ƙuli, ƙwai, kifi, nono, duk suna kasuwa, kuma duk suna gina jiki. Abin da nake roƙon samari su guje wa shi ne ƙwayoyin sa ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, da alluran kumbura tsoka da ake sayarwa a ɓoye. Na farko kumburi da kitse suke kawowa, na biyun kuma suna taɓa hanta da zuciya da ƙarfin haihuwa. Sannan a sani aikin ƙirji ba ya narkar da kitsen ƙirji ko tumbi shi kaɗai; wannan sai an haɗa da gyaran ci da tafiya.

Injin nan ba na samari ne kawai ba. Bayan shekara 30 tsokar mutum kan fara raguwa sannu a hankali in ba ya aiki da ita, kuma raguwar tana ƙara sauri bayan 60. Magidancin da ke wuni a zaune a shago ko ofis ya fi saurayi buƙatar injin. Haka uwargida, wadda a da daka da jan ruwa suka riƙe mata jiki, yanzu injin niƙa da famfo sun ɗauke. Tunda abin a cikin gida yake, za ta iya yi cikin sutura da natsuwa, da fale ɗaya ko biyu. Sai dai mai hawan jini ko ciwon zuciya ya fara jin ta bakin likita. Kowa kuma ya kiyaye riƙe numfashi, domin yana harba jini sama: a fitar da iska wajen turawa, a shaƙa wajen mayarwa. A watannin bazara, da zafin Katsina ke haura digiri 40, a yi da sanyin safiya, da ruwan sha a kusa. Tsamin jiki na kwana ɗaya ko biyu ba komai ba ne. Amma nauyi ko matsi a tsakiyar ƙirji, mai tafiya hannun hagu ko muƙamuƙi, da gumi da sarƙewar numfashi, wannan ba na tsoka ba ne. A tsaya nan take, a nufi asibiti.

Mai rijiya yana duba igiyarsa, yana kuma rufe bakinta saboda yara. Ƙurar hunturu tana shiga fuli da sandunan da fale-falen ke bi, sai a riƙa gogewa ana ɗan shafa mai. In robar da ta lulluɓe waya ta tsage, ko ka ga silin ƙarfe ya fara fitowa, a sauya ta kafin ta tsinke da nauyi a hannu. Injin mai walda kuwa a tabbata an kafe shi a ƙasa ko a bango. In an gama, a zare ƙusa a ɓoye, a ja ƙofa, domin yatsan yaro tsakanin fale biyu ba ya fita lafiya.

Ɗan'uwa mai inji a ɗaki, gobe in ka tsaya a gabansa, rage fale biyu daga abin da ka saba. Ka tura, ka ƙirga uku wajen mayarwa, kada wanda ke tsakar gida ya ji ƙarar ƙarfe ko sau ɗaya. Ka riƙe wannan har wata biyu kafin ka sake ƙara fale.