Nas ɗin Karkara da Tsanin Ƙaro Karatu

Matar da naƙuda ta yi wa gardama cikin dare a Getso, ko a wani ƙauye na ƙasar Kabo, hannun nas ko ungozoma ne ke fara taɓa ta. Ita za ta auna jini, ta gane ko jijjiga ce ke tafe, ta yanke shawara a riƙe matar ko a garzaya da ita babban asibitin Gwarzo, in abin ya faskara a kama hanyar Kano mai nisan kilomita kusan 70. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna mata 512 ne ke rasuwa a cikin kowace haihuwa dubu 100 a Nijeriya. A irin wannan hali, zurfin ilimin wadda ke bakin aiki a daren shi ne ke raba rai da ajali bayan ikon Allah. Shi ya sa nake ganin ƙaro karatun ma'aikatan jinya na karkara nauyi ne da ya kamata gwamnati ta ɗauka, ta kuma tsara shi yadda ilimin zai dawo inda aka fito.

Wanda ya yi shekara uku a makarantar jinya irin ta Madobi, ya ci jarrabawar Hukumar Jinya da Ungozoma ta Nijeriya, hanya biyu ce a gabansa. Ta farko kwas ne na ƙwarewa, shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi: jinyar karaya da hatsari a Asibitin Ƙashi na Dala, jinyar ido a Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, jinyar taɓin hankali a asibitin Barnawa da ke Kaduna, ko ungozomanci a Gezawa. Ta biyu ita ce jami'a, kuma doguwa ce, domin ba a hawa digiri na biyu sai an riƙe na farko. Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello duk suna da sashen jinya, mai rajista kuwa yakan shiga ne daga aji biyu. Ta Ahmadu Bello da ke Zariya tana da tsarin karatu daga nesa, haka ma Buɗaɗɗiyar Jami'a, sai dai wannan yana buƙatar wuta da intanet mai ƙarfi, abin da mazaunin Getso ba kullum yake samu ba. A ganina hanyar farko ta fi gaggawa ga yankinmu. Ɗakin tiyata ba ya aiki in babu mai allurar barci, ko da likita na tsaye, kuma a asibitocin karkara nas da ya ƙware ne ke riƙe wannan aiki. Amma ta biyun ma ba ta yarwa ba ce, don daga cikin masu digiri ake samun malaman da za su koyar da 'yan baya.

Akwai masu cewa duk wanda aka koyar zai gudu, ko dai zuwa Asibitin Malam Aminu Kano, ko Ingila da Saudiyya. Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Guduwar ta kai har a Fabrairun 2024 hukumar jinya ta gindaya sharaɗin aikin shekara biyu kafin ta tantance takardun mai son fita, ma'aikata kuwa suka yi zanga-zanga. Sai dai hana mutum ilimi don kada ya tafi, marar lafiya ake cuta, shi kuma ma'aikacin in ya samu ƙofa zai fice duk da haka, da ɓacin rai. Abin da ya fi shi ne hutun karatu da albashi, da yarjejeniya a rubuce cewa zai dawo ya yi wasu shekaru a inda ya baro, sannan a ba shi ƙarin girman da takardarsa ta cancanta da kayan aikin abin da ya koyo. Wanda ya karanci jinyar ido ya dawo aka ajiye shi yana rubuta kati, ai an riga an sallame shi.

Ƙorafi na biyu ya fi ƙarfi: in nas biyu ne ke riƙe da ɗakin haihuwa, ɗaya ta tafi Kaduna, wa zai kwana da masu naƙuda? Wannan ne ke sa shugabanni jan ƙafa wajen sa hannu, kuma ba mugunta ce ke sa su ba. Maganinsa a tafi ɗaya bayan ɗaya, a kuma turo mai riƙon ƙwarya kafin mai tafiya ta ɗaga. Ga kuma aure da raino, waɗanda ke tsayar da mata da dama. Kwas a Dala ko Gezawa ya fi sauƙin samun amincewar miji da iyaye fiye da wanda zai kai mace Ibadan.

Hukumar Kula da Asibitoci ta Jihar Kano da takwararta ta lafiya a matakin farko su ne ke da ikon ware gurabe. In suka keɓe wani kaso na hutun karatu kowace shekara ga masu aiki a wajen birni, suka zaɓi fanni bisa abin da asibitin Gwarzo ko na Kabo ya rasa, za a san tun ranar tafiya ɗakin da ma'aikaciyar za ta dawo ta riƙe.