Yadda Aka Karanta Rubutun Sarakunan Farisa

Tambayarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu, ɗan kasuwa. Cewa ya yi, wai shin Indiyanci da Farisanci 'yan'uwa ne? Kuma yaya masana ke karanta rubutun da masu shi suka daɗe da shuɗewa, ba cinta kawai suke yi ba kuwa?

To Malam, 'yan'uwa ne, kakansu guda. Gidan nan ya rabu ɗaki uku. Na farko ɗakin Indiya: Hindi, Urdu, Bangali, Fanjabi da tsohon harshen Sanskrit. Na biyu ɗakin Iran: Farisanci, Kurdanci, Fashto da Baluci. Na uku ƙarami ne, na mutanen Nuristan a duwatsun Afghanistan. Ga shaida: bakwai a Sanskrit "sapta", a Farisanci "haft". Galibi inda Indiyawa suka fara kalma da s, Farisawa h suke sawa. Haka kogin Sindu ya koma Hindu a bakinsu.

Wannan zumunci kuwa shi ya taimaka aka karanta tsohon rubutun Farisa, mai kama da tsagar ƙusa a jikin dutse. A shekarar 1802 wani malamin makaranta Bajamushe, Grotefend, ya lura wata kalma na ta maimaituwa. Ya ce wannan ba ta wuce "sarki", don kirarin sarakunan Farisa shi ne wane, sarkin sarakuna, ɗan wane. Sai ya ga ɗa sarki ne, uba sarki ne, amma kaka ba a kira shi sarki ba. A tarihin da Girkawa suka rubuta, Dariyus ne mahaifinsa bai hau gado ba, ɗansa Zaksis kuwa ya gaje shi. Da sunayen nan ya gano sautin wasu haruffa.

Daga 1835 wani hafsan sojan Ingila, Rawlinson, ya riƙa hawa dutsen Bisitun kusa da Karmansha, yana kwafar dogon rubutun da Dariyus ya sa aka sassaƙa wajen shekara 520 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Masana suka gwada kalmomin da na Sanskrit da na Abesta, harshen littafin Majusawa, ma'ana ta fito daidai. Da yake labari ɗaya ne cikin harsuna uku, shi ya zama mabuɗin rubutun Babila.

Ka ga ba cinta ba ne, kamar lissafin kasuwa ne, sai kowane ɓangare ya yi daidai ake yarda. Shi ya sa har yau ba a karanta rubutun kwarin Sindu ba: gajeru ne, galibi alama biyar-biyar, kuma ba a sami fassararsa a wani harshe ba.

Da fatan mai tambaya ya gamsu.